Dryden: maroƙi ne ko mai aƙida?

Duk lokacin da na ji ana caccakar mawaƙan siyasa, wai yau suna nan gobe suna can, sai John Dryden ya faɗo mini a rai, mawaƙin Ingila na ƙarni na 17. Da a garinmu yake, da tuni an laƙaba masa ɗan a bi Yarima a sha kiɗa.

A 1649 aka fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai a bainar jama'a a Landan, mulki ya koma hannun Oliver Cromwell, jagoran sojojin da suka kayar da sarkin. Da Cromwell ya mutu a 1658, Dryden ya zuba masa baitocin yabo. Ko shekara biyu ba a cika ba, ɗan sarkin da aka kashe, Charles na Biyu, ya dawo gadon ubansa a 1660. Wa ya yi waƙar maraba? Dryden dai. A 1668 har aka naɗa shi mawaƙin fada. Shi kuwa mawaƙi John Milton, wanda ya kare kisan sarkin a rubuce, ga makanta ga tsufa na tahowa, ƙona littattafansa aka yi, aka tsare shi na ɗan lokaci. Saboda haka da sauƙi a ce Milton jarumi, Dryden ɗan neman na tuwo.

Ni dai ban saye wannan hukuncin duka ba. A 1660 ba Dryden kaɗai ya juya ba, kusan ƙasar ce gaba ɗaya ta juya; mutanen da suka yi wa Cromwell tafi su ne suka cika titi suna yi wa sarki lale.

Kuma mutumin ya iya habaici, wallahi. A 1681 rikicin gado ya turnuƙe: wasu 'yan majalisa ƙarƙashin wani babban ɗan siyasa mai suna Shaftesbury sun rantse James, ƙanin sarki, ba zai hau ba saboda shi Katolika ne, suna zuga Monmouth, ɗan sarkin da ba na aure ba. Dryden bai kama sunan kowa ba. Ya ɗauko labarin Baibul na Absalom da ya yi wa ubansa Sarki Dauda tawaye, ya saƙa waƙarsa Absalom and Achitophel a kai, ya mai da Monmouth Absalom, Shaftesbury kuma Achitophel, mugun mashawarcin da ke hura wa yaro kunne. Kowa a shagunan shan kofi na Landan ya san da wa ake. Abin da ya fi ba ni tsoro, waƙar ta fito ne ana saura kwanaki a duba tuhumar cin amanar ƙasa da ake yi wa Shaftesbury, yana tsare, wuyansa na kan gungume. Masu taya alƙali sun sake shi, amma wannan ba wasan baka ba ne, waƙa ce da za ta iya kashe mutum. A nan ne nake ganin laifin Dryden, ba a sauya sheƙa ba.

Sai ga 1688. Aka kori James, wanda ya gaji yayansa a 1685, 'yarsa Mary da mijinta William, waɗanda ba Katolika ba, suka hau a 1689. Dryden ya riga ya koma Katolika, kowa kuma na jiran wata sabuwar waƙar maraba. Ya ƙi yin mubaya'a. Aka tuɓe shi, albashi ya tafi, aka miƙa kujerar ga Thomas Shadwell, mutumin da ya taɓa yi wa zambo mai zafi a matsayin sarkin dakikai. Da fassara da rubuta wasan kwaikwayo ya ci gaba da ciyar da gidansa, ciki har da fassarar Virgil ta 1697, har ya mutu a 1700.