Florida State da Clemson ba za su bar ACC yanzu ba

Akwai labarin da ke cewa jami'o'in biyu na Amurka na dab da ficewa daga ACC, ƙungiyar wasannin jami'o'i da suke ciki, amma da sauran rina a kaba. Sulhun da suka yi da ACC a Maris 2025 ya tsaida kuɗin ficewa a dala miliyan 165 a 2026, yana raguwa da miliyan 18 duk shekara har ya sauko miliyan 75 wajen 2030. Wa zai biya ninki biyu yau? Kwangilar talabijin ta Big Ten, wata ƙungiyar wasannin jami'o'i da za su iya komawa, ita ma a 2030 za ta ƙare, sannan ne za a sake ciniki. SEC kuwa, wata ƙungiyar irinta, tana da jami'o'in Florida da South Carolina tuni, ɗaukar Florida State da Clemson, da ke jihohi ɗaya da su, ba sabuwar kasuwa ba ce. Jami'ar North Carolina, wadda ita ma a ACC take, ita ce za a yi rububi a kanta.