Ƙannena masu gambara, ku waiga ku ga waɗanda ke biye da ku

Assalamu alaikum. Da ku nake, ƙannena da ke kwana a situdiyo kuna ɗora baiti a kan kiɗa, kuna fatan sunanku ya zaga duniya. Ba zan ce ku daina ba. Amma tunda mawaƙan gambarar Amurka kuke koyi da su, kada idonku ya tsaya a kan sarƙar wuya da motoci. Akwai waɗanda Allah Ya ba baiwa, tafiyar ta mace a rabin hanya, kuma yawancinsu ba murya ce ta ƙare musu ba. Abokan tafiya ne suka kai su suka baro.

Ku ɗauki DMX. A 1998 ya saki kundin waƙoƙi biyu cikin shekara ɗaya, kowanne ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard mai jera waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, kuma kundinsa biyar na farko duk haka suka yi. Shi da bakinsa ya ba da labari, yana hawaye, cewa yana ɗan shekara 14 wani babba da yake ɗauka kamar yayansa, wanda ya sa shi a hanyar waƙa, ya miƙa masa wiwi da aka cakuɗa da hodar iblis bai sani ba. Zuƙar nan ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Yau yana gidan yari, gobe yana cibiyar gyaran hali. A 2018 aka ɗaure shi shekara ɗaya kan ƙin biyan harajin dala miliyan 1.7, a Afrilun 2021 ya mutu yana da shekara 50. Ba maƙiyi ne ya yi masa wannan ba, wanda yake girmamawa ne.

Na Bobby Shmurda ya fi ba ni takaici, don shi ko ɗanɗana daɗin bai yi ba. A 2014 waƙa ɗaya ta ɗaga wannan yaro na Brooklyn. Duk wanda ya kalli bidiyon yana tuna yadda ya cilla hularsa sama ya kama rawa, 'yan unguwarsu sun kewaye shi. Kamfanin Epic Records ya ɗauke shi. Kafin shekarar ta fita, a Disamba, 'yan sanda suka dira situdiyo a New York suka kwashe shi da tawagarsa, har suna cewa abin da yake rerawa ya yi daidai da abin da suke bincike. Aka sa belinsa dala miliyan 2, kamfanin bai biya ba. Hukuncin shekara 7 ya sha. Da ya fito a Fabrairun 2021, masu sauraro sun daɗe da komawa ga wasu.

Shyne ma haka. Aka yi harbi a wani gidan rawa a New York a Disambar 1999, kotu ta wanke ubangidansa Puff Daddy, shi aka yanke masa shekara 10, a 2009 aka tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu Belize. Ya shiga siyasa har ya je majalisa, amma waƙa kam ta wuce shi.

Kada wani ya ce ai can Amurka ne. Juice WRLD da ya faɗi a filin jirgin Chicago a Disambar 2019, kwanaki kaɗan bayan cikarsa shekara 21, likitoci sun ce kodin na cikin abin da ya kashe shi. Kodin ɗin nan dai da gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018, bayan ɓarnar da ya yi a Kano da sauran garuruwanmu. Kun san ba a rasa wanda zai shigo situdiyo da kwalba a aljihu, wai don basira ta buɗe. Ƙarya yake yi.

Don haka ka zauna ka tantance 'yan abi yarima a sha kiɗan da ke bin ka. Wanda bai taɓa ce maka baitin nan bai yi ba, ɗan amshin shata ne, abincinsa yake karewa. Wanda ke yawo da makami, ka raba mota da shi tun yau, don ranar da aka tare ku sunanka za a buga a jarida, ba nasa ba. Kada ka rera laifin da kuka aikata kana alfahari. Kwantiragi kuwa, kada ka sa hannu sai lauyan da kai ka ɗauko ya karanta maka shi, ba wanda kamfanin ya kawo ba.