Zauren Malam Bazazzagi

Lokacin hutun tara ne a ofishin malamai. Malam Bakano ya tarar da Malam Bazazzagi ya kara waya a kunne, shayinsa har ya huce.

BAKANO: Bawana, wace irin magana ce wannan da ta raba ka da shayi?

BAZAZZAGI: Aikin ilimi nake yi, hajar da ba a kasa ta a Kantin Kwari. Na buɗe wa ɗalibaina zaure a WhatsApp, domin tun rufe makarantu da aka yi a 2020 na lura cewa yaron da kunya ke hana shi ɗaga hannu a aji yakan saki baki idan aka ce ya aiko da saƙon murya.

BAKANO: To, sun saki bakin?

BAZAZZAGI: Shekaranjiya da daddare na tambaye su shekarar da Turawa suka ci Kano, kafin asuba saƙo 73 ya shigo.

BAKANO: Duk faɗin tarihi ka rasa abin tambaya sai wannan? Ai Zariya suka fara shiga a 1902, mu kuwa sai da suka jawo igwa a 1903.

BAZAZZAGI: Amsar ke nan, amma ɗalibi ɗaya tak ya rubuta ta, saboda na manta cewa yawancin wayoyin na iyaye ne. Mutum 40 suka rubuta "Amin", wani uba ya nemi a yi masa bayanin ƙarin kuɗin makaranta, wata uwa kuma ta sako hoton atamfa da farashinta.

BAKANO: Nawa ta sa turmi?

BAZAZZAGI: Ka ji halin naku! Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kakar wata ɗaliba, wadda ta aiko da saƙon murya na minti 14, ta yi sallama, ta gaishe ni da iyalina, sannan ta bayyana cewa Sarki Alu ba ya gari ranar da aka shiga Kano, ya tafi Sakkwato, kamar yadda ta ji daga bakin kakanta. Jiya na kunna wa yara muryarta a aji, ko tari babu wanda ya yi, suka yi ta jefo tambayoyi har aka kaɗa ƙararrawa ba su motsa ba.

BAKANO: Ashe dai dabararka ta yi aiki.

BAZAZZAGI: Ta yi aiki har ta wuce gona da iri. Wannan da nake saurare saƙonta ne na yau: tana son sanin makin da na ba ta, ta kuma ce mako mai zuwa darasin Sarauniya Amina za ta yi, kada in sa mata baki.

BAKANO: Don Allah ka saka ni cikin zauren nan yanzu.

BAZAZZAGI: Alhamdu lillahi, yau Bakano ya nemi ilimi da kansa!

BAKANO: Mai atamfar nake son in tambaya ko tana bayar da sari.