Ranar da kwamfuta ta kira Alhaji da jaki

A cibiyar koyar da kwamfuta da nake aiki akwai wata tsohuwar na'ura a lungu, wadda muke ajiye takardun ɗalibai a cikinta. Na ɗora mata Debian 12, wani nau'in tsarin Linux, ba hoto ba linzami, baƙin allo ne da fararen haruffa kawai. Da aka zo wajen raɗa mata suna na dube ta, ga ɗaukar kaya ga nawa, sai na rubuta "jaki". Ni kaɗai na san sunan, don daga laftof ɗina nake shiga cikinta ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, allonta kuwa kullum a kashe yake.

Sai Alhaji mai cibiyar ya ce ranar Asabar zai kawo abokansa su ga inda kuɗinsa ke tafiya. Nan neman suna ya motsa mini. Na ce bari in sa na'urar nan ta gaishe shi da Hausa.

Abin ba wuya, a ganina. Akwai ɗan shirin da ake kira getty, aikinsa tsaron ƙofa: ya zauna a kan layin tty, wato mashigar da ake rubuta wa na'ura umarni, ya nuna abin da ke cikin fayil ɗin /etc/issue, sannan ya tambayi sunanka. Kalmar tty ma gado ce daga na'urorin teletype na zamanin da, wannan bayanin har na hardace shi don in burge baƙi. Na buɗe fayil ɗin na tarar da layi guda: Debian GNU/Linux 12 \n \l. Na ce ai \n sananne ne, duk wanda ya taɓa rubuta ɗan shiri ya san sabon layi yake nufi. Na goge komai na rubuta: Assalamu alaikum \n Barka da zuwa \n Allah ya ja zamaninka \n. Na sake tayar da na'urar daga nesa, na tafi cin tuwo ban ko leƙa allon ba.

Asabar Alhaji ya iso da mutum uku, manyan riguna sai ƙamshi. Na yi jawabin teletype, aka gyaɗa kai. Na ce, "Ranka ya daɗe, ita da kanta za ta gaishe ka." Na kunna allo.

Ɗaya daga cikin baƙin ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi, dalla-dalla kamar mai sanarwar ɗaurin aure: "Assalamu alaikum jaki. Barka da zuwa jaki. Allah ya ja zamaninka jaki."

Ashe a wajen getty, \n ba sabon layi ba ne, sunan na'ura ne. Shi kuma \l sunan layin tty da kake kai, \d kwanan wata, \t lokaci. Duk yana rubuce a littafin bayanin agetty, wato getty ɗin da Debian ke amfani da shi, wanda na karanta a daren ranar, bayan shaho ya riga ya ɗauki kaza.

Alhaji bai ce uffan ba. Ya miƙa yatsa ya danna Enter, wai ko za ta gyara bakinta. Ita kuwa in aka danna Enter ba a rubuta suna ba, maimaita gaisuwar take yi. Ta sake zuba masa jaki uku, ga na huɗu a ƙasa, "jaki login:", tana jira ya gabatar da kansa.

Gumi ya karyo mini. Na yi wuf na danna Ctrl da Alt da F2 don in gudu zuwa wani layin. Tty2 ta yi sallama, jaki. F3, jaki. Layuka shida ne, kuma duk fayil ɗaya suke karantawa, sai da na zagaya su kaf kamar mai neman mafaka a gidan da kowa ya san laifinsa. Mai tabarau yana biye da ni, bai tsallake ko ɗaya ba.

"Malam," in ji Alhaji a hankali, "ita ta ga dama, ko koya mata aka yi?"

Na ce, "Wallahi ranka ya daɗe, sunanta take faɗa."

"To da kanta take gaisawa ke nan?"

Baƙi suka fashe da dariya, har ɗaya ya riƙe bango. Ni kuma hannu na rawa na shiga na buga hostnamectl, na canja suna. Abin da ya fara zuwa kaina shi na rubuta: ingarma. Niyyata in goge gaisuwar gaba ɗaya, amma da na fita sai allon ya riga ni: "Allah ya ja zamaninka ingarma."

Alhaji ya karanta, ya gyara zaman hula, ya ce kada in kuskura in taɓa. Yanzu kullum da safe kafin ya shiga ofis sai ya biya lungun nan ya danna Enter sau biyu. Ni ko har yau in ya hango ni tambayarsa ɗaya ce: "Malam, ina ka kai jakin?"