Kafin mu zargi talaka da yarda da jita-jita

Akwai wata tambaya da mata masu ɗigon riga-kafin shan inna suka sha ji a ƙofar gidaje, daga Kano zuwa Gusau. Maigida zai fito zaure ya ce: "Jiya na kai yarona asibiti da zazzaɓi, aka rubuta mini magani aka ce in je kemis in saya. To me ya sa wannan ɗigon kaɗai ake biyo ni da shi har gida, kyauta, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba?"

Tambayar tana da amsa mai kama hankali. Ƙwayar cutar shan inna a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, don haka idan aka yi wa yara riga-kafi ko'ina za a iya raba duniya da ita gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa agana a 1980. Tun 1988 hukumomin duniya suka sa wannan buri a gaba, suka zuba masa kuɗi na musamman, kuɗin da ba a ware wa zazzaɓin cizon sauro irinsu ba a lokacin. Amma wa ya zauna a kan tabarmar maigidan nan ya yi masa wannan bayani? Abin da ya samu shi ne barazana da kallon jahili. Da ya koma majalisa da yamma kuwa, ya tarar da wanda yake da amsa a shirye: Turawa ne ke son hana mu haihuwa.

Ni dai na daɗe da gajiya da jin 'yan boko suna cewa jahilci ne. Na ga masu digiri biyu suna tura saƙon murya na ƙarya a WhatsApp, na kuma ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta kai jikokinta riga-kafi da ƙafarta. Abin da ya fi ƙarfi a nan shi ne abin da mutum ya taɓa gani da idonsa, kuma mutanen Kano sun ga abu.

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. Ana tsakiyar wannan masifa sai tawagar kamfanin Pfizer ta sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ta yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma gaskiya ne sanƙarau na kisa yana nakasawa. Iyaye da dama kuma sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Sai a 2000 wata jaridar Amurka ta tono maganar ga duniya. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, iyalai na farko kuma ba su ga diyya ba sai 2011. Shekara 15 ke nan. Duk wannan tsawon lokaci, ina hukumomin da ya kamata su tsaya wa yaran tun ranar farko?

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka fara cewa a 2003 an gurɓata ɗigon shan inna da maganin hana haihuwa, an yi shukar ne a ƙasar da ta riga ta sha ruwa. Ga zancen Trovan, ga yaƙin Iraƙi da aka fara a shekarar, ga tunawa da manufar gwamnatin Babangida ta 1988 da ta ce kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. Kuma maganar ta fito daga bakin mutanen da ake ganin girmansu, ciki har da likita, Dakta Datti Ahmed. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da riga-kafin. Kano, ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ba ta dawo ba sai Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya.

A nan dole in faɗi abin da ke raina. Zargin nan ƙarya ne, kuma ya yi mummunar ɓarna. Yaran da aka yi wa ɗigon a waɗancan shekaru yau iyaye ne, suna goye da nasu. Cutar kuwa ta bazu daga Nijeriya zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yemen da ita kanta Indonesiya. Akwai samari a yau da ke jan jiki a bakin titi saboda hukuncin da manya suka yanke suna jarirai. A Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin riga-kafi a Kano, matan da suka fito neman ɗan abin da za su kai gida. Fahimtar dalilin da ya sa mutane suka yarda da ƙarya ba zai wanke waɗanda suka yaɗa ta ba.

Sai dai gwamnatocinmu ba su koyi komai ba, domin har yau su ne ke yi wa jita-jita taki. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamban 2009, aka bar ƙasa wata uku cikin duhu, sannan aka shigo da shi cikin dare a Fabrairun 2010 ba wanda ya gan shi. Shugaba Buhari ya yi fiye da kwana 100 a Landan a 2017, ba a taɓa gaya wa 'yan ƙasa abin da ke damunsa ba. Sakamakon haka sai ga labarin wai ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan, har sai da ya fito da bakinsa a ƙarshen 2018 ya ce shi ne dai. Labarin ba shi da kan gado, amma shirun fadar shugaban ƙasa ne ya ba shi wurin zama.

Lokacin korona ma haka. A Afrilun 2020 masu haƙa kabari a Kano suna cewa gawarwaki sun yi yawa, hukuma tana cewa hawan jini ne da ciwon suga da zazzaɓi. Sai a watan Yuni ministan lafiya ya ce rabi ko fiye na waɗannan mace-mace na iya zama korona ce. A Oktoban shekarar kuma jama'a suka fasa rumbuna a Jos da Legas da wasu garuruwa, suka tarar da buhunan abincin tallafi a jibge, alhali mutane sun sha yunwa a kulle. Gwamnoni sun ce ajiya ce ana jiran rabo. Ko da hakan ne, mutumin da ya ga hoton nan a wayarsa ya riga ya yanke hukunci, kuma gobe in aka ce masa ya miƙo hannu a yi masa allurar korona, da wannan hoton zai auna maganar. Abin ba na Arewa kaɗai ba ne. A 2017 iyaye a Kudu maso Gabas sun ruga makarantu sun kwashe 'ya'yansu saboda raɗe-raɗin cewa sojoji na yi wa yara allurar cuta. Su ma suna da nasu tabon da gwamnati.

Akwai kuma wani abu da jita-jita ke ba mutum wanda sanarwar gwamnati ba ta bayarwa. Idan 'yan bindiga suka kwashe ƙauye, shekara da shekaru ba a kama kowa ba, zuciya ba ta iya ɗaukar cewa sakaci ne kawai da cin hanci da ƙarancin jami'ai. Ta fi samun sauƙi idan aka ce akwai wani babba da ke bayan abin, akwai jirgin da ke sauke makamai cikin dare. Aƙalla masifar ta samu fuska. Kuma mai kawo labarin ɗan'uwanka ne ko maƙwabcinka, wanda ya zo sunan ɗanka, ya yi maka gaisuwar mutuwa. Mai magana da yawun gwamnati kuwa a rediyo kaɗai ka san shi, kuma ka taɓa kama shi da ƙarya. Ban manta da masu cin riba ba: ɗan siyasar da ke rura zargi yana adawa ya dawo yana ƙaryata shi in ya hau mulki, da mai shafin Facebook da ya gano cewa tsoro ya fi gaskiya kawo mabiya.

Abin da ya sa na dage da labarin shan inna shi ne, a nan ne muka ga yadda ake gyara, kuma ba da zagi ko kamu aka gyara ba. An koma wurin sarakuna da hakimai da masu unguwanni, Sarkin Musulmi da Sarkin Kano Ado Bayero suka sa baki, malamai suka yi bayani a masallatai. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su a biki da suna, su shiga gidaje. Waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa bin tawaga suna nuna ƙafafunsu. Mafi muhimmanci a wurina, aka fara kafa 'yan rumfunan lafiya a unguwanni inda uwa za ta samu maganin zazzaɓi da na gudawa da sabulu tare da ɗigon. Wato an amsa tambayar maigidan nan da aiki. An ga shan inna ta daji, wato asalin ƙwayar cutar da ke yawo tsakanin mutane, ta ƙarshe a Borno a 2016, a Agustan 2020 kuma aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita.

A Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 riga-kafin cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Riga-kafi ce mai kyau, ina roƙon kowane uba ya kai 'yarsa. Amma tun makon farko saƙonnin murya suka fara yawo da tsohon zancen hana haihuwa. Ma'aikaciyar da za ta tsaya a ƙofar gida ta kare wannan allura, asibitin garinsu har yanzu yana rubuta wa mai naƙuda safar hannu da auduga ta aika a sayo.