Bakano, Bazazzagi da Ɗan Fulani a Gwanzu

Wani Bakano ɗan Kantin Kwari ne ya zuga Ɗan Fulani ya sayar da bijimai huɗu, wai su je Chana ya sayo faifan sola da fitilu a wurin masu ƙera su. Suka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, suka yada zango a Adis Ababa, suka sauka Gwanzu da safe. Wanda ya tarye su wani Bazazzagi ne, ɗalibi, irin waɗanda ke yi wa 'yan kasuwa tafinta suna cin la'ada.

BAKANO: Jauro, buɗe ido ka sha kallo. Nan ce Shawbe, unguwar da baƙar fata ke sauka. Ni garin nan kamar Fagge yake a wurina, ido rufe zan kai ka ko'ina.

BAZAZZAGI: Ido rufe kam ya fi. Bara da yake a buɗe ai 'yan sanda ne suka maido mini da kai otal.

BAKANO: Kai bawana, da kai nake? Kuma wane irin kuɗin ɗaki ka karɓo mana haka?

BAZAZZAGI: Ranka ya daɗe, a Oktoba ka zo. Bikin baje kolin Kanton ake yi, sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, tun 1957. Duk duniya na garin. Wanda ya san gari ido rufe ai bai kamata a gaya masa ba.

ƊAN FULANI: Ku bar faɗa. Kaɗo, ara mini waya in gaya wa uwargida mun sauka. Yanzu tana can tana tatsa.

BAZAZZAGI: Tana dai barci. Nan ƙarfe 8 na safe, can ƙarfe 1 na dare. Awa 7 ke tsakani. Kuma WhatsApp ɗin ma a toshe yake a ƙasar nan, shi da Facebook da Google, sai an bi ta bayan gida.

ƊAN FULANI: Tsaya. Awa bakwai ɗin nan, wa ya ci su?

BAZAZZAGI: Ba wanda ya ci. In ka koma za a maido maka.

ƊAN FULANI: Aradu a rubuta mini a takarda. Haka aka ce da ni a kan karsanata.

Da azahar ta yi, Bakano ya leƙa taga ya tuna inda rana ta fito, ya shimfiɗa darduma ya miƙe.

BAZAZZAGI: Alhaji, ina za ka?

BAKANO: Sallah mana. Ko a Zariya ba a yi?

BAZAZZAGI: Ana yi, amma Ka'aba muke kallo. Juyo. A nan alƙibla yamma take, don Makka tana yamma da Chana.

BAKANO: Kai, ka kiyaye ni. Shekara nawa ina zuwa garin nan, kullum nan nake kallo.

BAZAZZAGI: To teku ka yi ta kallo, bayan tekun kuma Amurka. Da ka taɓa zuwa Juma'a a masallacin Huwaishang da ka ga inda sahu ya dosa. Yana cikin mafi tsufa a Chana, mutanen garin ma ga Sa'adu bin Abi Waƙƙas suke jingina shi.

BAKANO: Ni matafiyi ne, Juma'a ba ta hau kaina ba.

BAZAZZAGI: Kasuwa dai ta hau.

ƊAN FULANI: Ku dakata. Ka ce Makka tana bayanmu?

BAZAZZAGI: Tana baya.

ƊAN FULANI: Wato wuce ta muka yi?

BAZAZZAGI: Ta kudu da ita jirgin ya bi.

ƊAN FULANI: Hoɗijam! Aka wuce Makka da ni ina barci, Kaɗo yana gefena yana cin biskit, bai taɓa ni ba? Da ka buga wa direba ya ɗan tsaya, ai da yanzu ni ma Alhaji ne!

Aka dai juya darduma. Bakano ya idar, ya daɗe zaune yana lissafi da yatsu, kuma ba tasbihi yake ba.

Daga nan sai gidan abinci. Bazazzagi ya kai su wurin Musulmin Chana masu fararen huluna, inda ake jan taliya da hannu a gabanka a zuba mata romon sa. Aka ajiye wa kowa kwano, da tsinke biyu, da kofin ruwa yana tururi.

ƊAN FULANI: Wa ba shi da lafiya?

BAZAZZAGI: Kowa lafiya. Su ruwan zafi suke sha, ko da rani.

ƊAN FULANI: To ce masa ya kawo nono.

BAZAZZAGI: Sai dai madarar waken suya.

ƊAN FULANI: Madarar me?

BAZAZZAGI: Wake.

ƊAN FULANI: Waken yana da hantsa? Ta ina ake kama shi?

BAKANO: Jauro, kar ka ba mu kunya. Duba yadda ake riƙe tsinken.

Bakano ya ɗago taliya, ta sulluɓe ta sauka a gaban farar shaddarsa. Ya sake, ta bi hannun riga. Shi kuwa Ɗan Fulani ya wanke hannu da ruwan shan, ya yi bisimilla, kafin Alhaji ya kai loma ta uku ya tashi da kwanonsa. Wajen biya ya kwance lalita, mai shago ya nuna masa wani ɗan zane a bango, wai waya ake haskawa kuɗi su tafi. Ya ce shi kuɗin da ba ya jin nauyinsu a ƙugu ba kuɗi ba ne. Da ƙyar aka samo masa canji.

Sai kasuwar atamfa, inda Bakano ke jin nan ne fagensa. A nan ba a magana. Mai kaya ya danna farashi a kalkuleta ya miƙo, kai ma ka danna naka ka mayar.

BAZAZZAGI: Alhaji, ka iya bakinka. Gidan rediyonsu tun 1963 yake watsa shiri da Hausa, akwai masu ji.

BAKANO: Rabu da ni. Wannan da ganinsa sabon shiga ne, yau zan yanke shi ba wuƙa. Su ne suka kashe mana masaƙun Sharaɗa da Bompai, a kansa zan rama. Jauro, ka ɓata rai kamar kayan ba su yi ba.

Ɗan Chana ya ajiye kalkuleta, ya gyara tabarau.

ƊAN CHANA: Alhaji, barka da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen Kwari?

BAKANO: Inna lillahi!

ƊAN CHANA: Shekara takwas na yi a Kano. Ba ka gane ni ba? Bari in ɗauko littafi. Yawwa. Dila uku, 2019, kafin korona. Ka ce bayan Sallah.

BAKANO: Ai ban faɗi wace Sallar ba. Wato, ina nufin, ba ni ba ne. Kama ce. Ni ban ma taɓa zuwa Kano ba. Ni Bazazzagi ne.

BAZAZZAGI: Alhamdu lillahi! Jauro, ka shaida. Alhaji, daure ka maimaita in ɗauka a waya, mutanen Tudun Wada su ji.

ƊAN CHANA: Malam, kai ba ka yi kama da mai ƙarya ba. Mutumin nan ɗan ina ne?

ƊAN FULANI: Aradu ni ban san garinsu ba. Abin da na sani, rumfarsa tana Kantin Kwari, kuma dila ukun nan tuni ya sayar, da kuɗin ya yi amarya. Har ni na kai gudunmawar man shanu.

BAKANO: Jauro! Wai kai da wa ka zo ƙasar nan?

ƊAN FULANI: Da Bakano na taso. Tun ɗazu nake dubawa ban gan shi ba.