Haruffan Habasha a kwamfuta: kowace gaɓa da lambarta

A rubutun Ge'ez, wanda ake rubuta Amharik da Tigrinya da shi a Habasha da Eritriya, baƙi ba ya tsayawa shi kaɗai. Kowane harafi gaɓa ce, baƙi da wasali a dunƙule, kuma kowane baƙi yana da siffa bakwai, kamar ለ ሉ ሊ ላ ሌ ል ሎ. Amharik na da irin waɗannan baƙaƙe 33, ka ga haruffa 231 ke nan tun ba a lissafa ƙarin gaɓoɓi da alƙaluma da alamomin tsayawa ba. Tsohon tsarin kwamfuta kuwa gurbi 256 gare shi, kuma haruffan Turanci sun riga sun cinye kaso mai tsoka. Shi ya sa kafin shekarar 2000 kowane mai sayar da manhaja ya ɓullo da dabararsa, wasu har suna tsaga harafi gida biyu. Takardar da aka buga a wannan kwamfuta, in aka buɗe ta a waccan sai ta fito shirme.

A 1999 ne Unicode, tsarin duniya da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, a fitowarsa ta 3.0, ya keɓe wa rubutun gurabe daga lamba U+1200, ya ba kowace gaɓa lambarta, aka jera su sahu-sahu yadda yaro ke haddace su a makaranta. An iya bin hanyar rubutun Devanagari na Indiya, a ba baƙi lamba, wasali lamba, kwamfuta ta haɗa su. Ina ganin da aka ƙi wannan hanya an yi daidai. Wasalin Habashawa ba alama ɗaya ba ce da ake liƙa wa kowane baƙi. Wani harafin ƙafarsa ake gajartawa, wani a lanƙwasa shi, wani a maƙala masa zobe, wani kuma kamanninsa ne ke sauyawa ɗungurungum, dubi ረ da ር. Da an bar wa na'ura aikin haɗawa, da masu ƙananan wayoyi ne za su fara shan wahala.

Akwai tsada, ba a musu. Kowane harafi na cin bayit (ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta) uku a UTF-8, hanyar adana haruffan Unicode, inda na Turanci ke cin ɗaya, kuma saƙon tes yana faɗowa daga haruffa 160 zuwa 70. Mu ma haka ƙ da ɗ da ɓ suke mana a saƙon tes. Sai dai harafinsu guda na ɗauke da abin da boko zai rubuta da biyu, don haka asarar ba ta kai yadda ake kururuta ta ba. Ƙananan harsuna su suka sha jira, an yi ƙari a 2005 da 2010, wasu haruffan harsunan Gurage na Habasha kuwa sai 2021 suka samu shiga.

Inda gizo ke saƙar shi ne haruffa masu sauti ɗaya. A Amharik na yau, ሀ da ሐ da ኀ furucinsu ɗaya ne, haka ሰ da ሠ, haka ጸ da ፀ. Mutum zai rubuta kalmar rana (ta sama) ፀሐይ, wani ya rubuta ጸሀይ, kowa ya gane, amma a wajen kwamfuta lambobi ne daban. Mai neman labari ko sunan wani a rajista sai ya rasa shi alhali yana nan. Akwai masu cewa a zubar da rarar haruffan kowa ya huta. Ban yarda ba. Littattafan Cocin Orthodox na Habasha da aka rubuta da tsohon harshen Ge'ez suna buƙatarsu, kuma mai jin Tigrinya har yau yana bambanta ሀ da ሐ a bakinsa, haka አ da ዐ. Gyaran yana wuyan masu rubuta manhajar bincike. Su koya mata ta ɗauki waɗannan haruffa a matsayin ɗaya idan rubutun na Amharik ne, ta raba su idan na Tigrinya ne, kamar yadda aka daɗe da koya mata cewa A da a abu ɗaya ne a Turanci.